Ƙafar Yaya Mato

Tun da na dawo ba ni da sakat. A masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, har a wajen jana'iza wani ya matso ya ce, "Alhaji Tanko, ya Madina take?" Nakan ce tana nan lafiya. Sun ce wannan ba labari ba ne. To, ga shi in faɗa gaba ɗaya, kowa ya huta.

Ba aikin hajji kaɗai ya fitar da ni ba. Wana na je nema, Yaya Mato, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina saurayi ya bar Maigatari ya yi gabas a ƙasa, bai dawo ba. Bayan farin da ya cinye mana dabbobi, wani alhajin garinmu ya dawo ya ce ya gan shi a Madina, ya rame, yana jan ƙafa. Duk 'yan ɗakinmu sun rasu, saura ni da shi. Na sayar da abin da fari ya rage, na yi fasfo da allura a Kano, na kama hanyar ƙasa. Jirgin sama na masu hali ne.

Daga Kano zuwa Maiduguri babu abin faɗi, babbar mota ce da buhunan albasa. Mun ƙetare ruwa muka shiga Farlomi, wadda yanzu suke ce wa Injamena. Daga nan hanya ta ƙare, sai sawun mota a cikin yashi. In mota ta kafe kowa ya sauka ya tura, malami da jahili. Ni mahaƙin rijiya ne, tura mota ba ta dame ni ba.

A iyakar Chadi da Sudan wani soja ya buɗe jakata ya ciro ƙunshin daddawar da na ɗauko wa Yaya. Ya shinshina, ya ja da baya, ya ɗaga bindiga, yana ta faɗa da Faransanci. Babbansu ya fito daga rumfa ya karɓa ya shinshina shi ma. Sai na ji ya ce da Hausa garau, "Ta ina ce?"

Na ce, "Ta Gumel."

Ya ce, "Doka ta hana shiga da ita sai an gwada. Matata ce mai gwadawa."

Ya ɗebi rabonsa, ya buga min hatimi da hannunsa.

Mutanen Sudan ba su san gayyar baki ba. A gida in kana cin abinci mutum ya zo wucewa, ka ce bismilla, ya ce alhamdulillahi, an gama. Su in sun ce maka "faddal" sai sun kama rigarka sun zaunar da kai. Abincinsu kisra, tuwo ne aka shimfiɗa shi kamar mayafi, ga tsami, a tsoma a miyar kuɓewa. Farko cikina ya ƙi. Kafin mu kai Niyala ni ke neman ƙari. Daga can muka hau jirgin ƙasa, rabin fasinja a ciki, rabi a kan rufi. Ni a rufi na yi tafiyar, da rawani na ɗaure kaina a jikin ƙarfe don kada gyangyaɗi ya jefar da ni.

Teku ce ta ba ni kashi. Na sha shiga rijiya mai zurfin gaske ban ji tsoro ba, amma daga Bur Sudan zuwa Jidda kwance na yi ina amai, wani tsoho Babarbare yana ba ni lemon tsami yana min dariya. A Jidda aka duba katin allura, aka fesa mana magani kamar gonar auduga, aka sake mu. Da yake da sauran lokaci kafin hajji, sai na shiga motar Madina.

Neman Bahaushe a Madina ba wuya. Bayan na yi salla a Harami na yi ziyara, na fito na tarar da wasu mata suna sayar da gyaɗa da hatsin tattabaru, suna hira rabi Hausa rabi Larabci. Na ce ina neman Mato na Maigatari.

Ɗaya ta ce, "Mato mai ruwa? Ai ya kwana biyu bai fito ba. Ka je unguwar Sih, ka tambayi bait ɗin Ammu Bukar, sawwag ne, ya'ani mai tasi."

Ammu Bukar ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya zo daga Katsina. Yana jin ni ƙanen Mato ne ya rungume ni ya kawo baki zai sumbace ni a kunci. Na ture shi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce haka maza ke gaisawa a nan. 'Ya'yansa suna jin Hausa sarai, amma in ka yi musu magana da Larabci suke amsawa. Aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar marfin kwalba. Ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara, ni kuma ina jin kunyar ƙin abin mai gida. Sai da hannuna ya fara rawa don kansa aka daina. Ashe girgiza kofin ake yi in an ƙoshi.

A wani ɗaki na bayan gida na sami Yaya, zaune a kan tabarma, garewaninsa biyu da sandar ɗaukar ruwa a jingine a bango. Ya daɗe yana kallona.

"Tanko ne? Wa ya ba ka furfura?"

Na ce, "Fari."

Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ina ce masa ya rasu, ta rasu. Da ya gaji ya daina tambaya. Ƙafarsa ta dama na naɗe da tsumma, an saka ta a cikin safa. Ɗakin yana warin da na sani, irin na dabbar da ta faɗa rijiya. Ya ce ƙusa ya taka a bakin famfo, watanni ke nan.

Na ce, "Gobe asibiti."

Ya ce, "Ba ni da iƙama. Ka san mece ce? Takardar zama. A asibiti ita za a fara tambaya. Babu ita, sai 'yan jawazat masu kama baƙi, sai jirgin ruwa, sai Maigatari. Rabin rayuwata ina ɗaukar wa mutanen garin nan ruwa a kafaɗa don in na mutu a sa ni a maƙabartar Baƙi'a, kusa da sahabbai. Ba zan bar yatsa ya fitar da ni ba. Ina da likitana, shi ba ya tambayar takarda."

Likitan wani tsoho ne Ba'indiye mai jan gemu na lalle, ana ce masa Hakim. Ɗakinsa na bayan shagon wani tela. Ranar da za a koma wajensa Ammu Bukar ya kai mu a mota, tare da Malam Habu, wani ɗan Gusau da ke karatu a jami'a yana haya a gidan da iyalinsa, don ya fassara min. Ɗakin babu allura, babu abin awo. Littattafai ne har sama, da akwatin katako cike da ƙananan kwalabe, kowace da fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero.

Muna zama Hakim ya dubi Yaya ya ce da Hausa, "Yaya jiki?"

Yaya ya ce, "Da sauƙi."

Tsohon ya yi murmushi ya rubuta. Daga nan ya koma Larabci. Ƙishirwa fa? Ruwan sanyi kake so ko mai ɗumi? Ta wane gefe kake kwanciya? Me kake mafarki? Gishiri ka fi so ko zaƙi? Yaya, wanda tun muna yara ba ya haɗa magana biyu, ya zauna yana ba da labarin mafarkinsa kamar a gaban uwarsa. Ƙafar kuwa ya tura ta ƙarƙashin benci. Aka ba shi kwalba, aka ce ƙwaya kaɗan a ƙarƙashin harshe, ban da goro, ban da gahawa, ban da turare.

Na ce wa Malam Habu ya tambaye shi wane irin magani ne wannan. Ashe tambayar da tsohon ke jira ke nan. Ya ce sunansa homiyo. Wani likita ne Bajamushe, tun zamanin kakannin kakanninsa, ya gaji da yadda likitocin lokacinsa ke tsaga mutane suna zubar musu da jini har su mutu. Wata rana yana lafiya lau ya sha ɓawon itacen da ake maganin zazzaɓi da shi, sai ya ji alamun zazzaɓi a jikinsa. Ya ce ashe abin da ke jawo wa mai lafiya ciwo, kaɗan daga cikinsa shi ne maganin mai wannan ciwon. Shi da almajiran ilminsa suka riƙa shan abubuwa, har masu dafi, suna rubuta duk abin da suka ji: nan ya yi ƙaiƙayi, nan ya yi zafi, na yi mafarkin kaza. Rubutun ya zama littattafai, littattafan suka bi Turawa zuwa Indiya, aka juya su zuwa harshensu. Mahaifin Hakim da su ya koya, ya yi aiki da su a shekarun annoba, ya ƙara nasa rubutun a gefen shafi. Shi kuma Hakim ya zo hajji da akwatin, ya zauna.

Ya ciro wani littafi da ya sha ɗinki ya nuna min. Ni ko na Hausa ba na iya karantawa da kyau, balle wannan. Amma na ga rubutun hannu iri biyu a gefe, na uba da na ɗa.

Ya ce, "Duk abin da ke nan daga bakin mutane aka ɗauko shi. Mu kunne muke aiki da shi."

Sai ya bayyana yadda ake haɗawa. Ɗigo ɗaya a zuba a ruwa a girgiza, a ɗebi ɗigo daga nan a zuba a wani ruwan a girgiza, haka haka. Wai ƙarin tsarmawa, ƙarin ƙarfi. Na ce wa Malam Habu, ko rubutun sha da malamanmu ke wankewa daga allo ana ganin baƙin tawada a ciki. Wannan kamar a jefa ƙwayar gishiri a Tafkin Chadi ne a ce an yi miya. Malam Habu ya ce ba zai fassara wannan ba.

Da muka koma gida gardama ta tashi. Na ce ƙwayoyin nan sukari ne. Yaya ya ce, "Kai da rijiya ka sani, me ka sani a magani? Wannan in ka wuce ƙa'ida mutuwa ce."

Na ɗauki kwalbar na juye ta duka a bakina na tauna.

Yaya ya yi salati. Ya kira Malam Habu ya ce maza a mayar da ni wajen Hakim kafin in faɗi. Ni ban ji komai ba, amma na bi, don dole a karɓo masa wata kwalbar.

Hakim bai yi fushi ba. Har ya gyara zama ya ɗauki alƙalami, ya ce yau ya samu mai lafiya ya sha magani kamar yadda na farko suka yi. Me na ji?

Na ce, "Zaƙi."

Bayan zaƙi fa?

"Yunwa. Amma da ita na zo."

Ya yi dariya. Sai ya dube ni ya ce da Hausarsa, "Yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ya fara rubutawa, sai ya tsaya. Ya ajiye alƙalamin. Ya ce wa Malam Habu, "Wannan mutum ba shi da ciwo. Me ya yi masa sauƙi?"

Malam Habu ya ce ai gaisuwa ce. In an ce wa mutum yaya jiki, amsa ɗaya ce. Ba a cewa ya ƙaru, rashin godiyar Allah ne. Ko mutum na gargara haka zai ce.

Tsohon ya daɗe yana kallon littattafansa. Ya ce wani tela Bahaushe ne ya koya masa tambayar tun zuwansa, ya ce masa amsar tana nufin an samu ci gaba. Ya ce, "Indiyawa suna dawowa su ce ya ƙaru. Larabawa su ce babu canji. Ku kaɗai kowa ke warkewa. Abin ya daɗe yana damuna, don ko mahaifina bai yi sa'a haka ba. Har na fara tunanin jikinku ne ya fi karɓar maganin nan, in rubuta a gefen shafi." Sai ya juyo wajena. "To, ya ake tambayarku a ji gaskiya?"

Na ce, "Ba a tambaya. Buɗewa ake a duba."

Hakim ya sa takalminsa. Rana tsaka ce, babu mota, a ƙasa muka taka har Sih, tsoho yana gaba muna binsa.

Yaya ya so ya ɓoye ƙafar, Hakim ya durƙusa ya kama ta da kansa ya kwance tsumman. Malam Habu ya fita waje saboda warin, daga bakin ƙofa yake fassara min. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, kumburi ya kama hanyar idon sawu. Hakim ya ce rabonsa da ganin ƙafar tun raunin yana ɗan rami kamar ƙwayar wake.

Ya ce, "Mato, a duk littattafan nan nawa babu maganin wannan. Wuƙa take so, kuma yau."

Yaya ya ce, "Ka ƙara min mai ƙarfi."

"Babu. In na ba ka na yaudare ka."

Ammu Bukar ya shigo ya ji zancen. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ni zan kai shi. In sun tambaya in ce baffana ne. Lokacin alhazai ne, mustashfa, ya'ani asibiti, a cike take, wa ke da lokacin wani?"

Yaya ya ce, "In suka gane, kai ma ka shiga uku. Ku bar ni. Ga Baƙi'a nan kusa."

Na ce, "Yaya, duk 'yan ɗakinmu ni na haƙa musu kabari. Ban ƙetare teku don in haƙa naka ba. In an kore ka, tare za mu hau jirgin."

Ya ce, "Kai yaron nan har yanzu ba ka da kunya."

Na ce, "Babu."

Na sunkuya na saɓa shi a baya. Ya doke ni a kai sau biyu, sannan ya riƙe wuyana. Bai kai nauyin buhun gero ba.

A asibiti wani ma'aikaci a bakin ƙofa ya miƙo hannu ya ce takarda. Ammu Bukar ya ajiye tasa, ya nuna Yaya ya ce, "Ammi," wato baffana. Mutumin ya dubi takardar, ya dubi Yaya, ya buɗe baki zai yi magana. Na ji hannun Yaya ya matse min wuya. Daidai nan wani likita Bamasare ya zo wucewa, warin ya tsayar da shi. Ya ɗaga tsumman ya leƙa, ya daka wa ma'aikacin tsawa, aka turo gado mai taya. Sunan kawai aka rubuta.

An yanke yatsu biyu da ɗan gefen tafin. Likitan ya ce da an ƙara mako, daga gwiwa za a cire, in ma an same shi da rai. Sun kuma gano yana da ciwon sukari, shi ya hana raunin warkewa, shi ne ƙishirwar da yake ta faɗa wa Hakim. Kwanakin da ya yi a kwance, duk wanda ya shigo da kakin gwamnati sai Yaya ya ja mayafi ya rufe fuska. Babu wanda ya zo dominsa.

Hakim yakan zo dubiya da lemo. Ya sa Malam Habu ya koya masa cewa "Nuna min wajen," yana ta maimaitawa kamar mai hadda. Na ji daga baya ya bi gidajen Hausawan da ke karɓar maganinsa, daga Sih har Jurf, yana cewa a nuna masa. Ya tura wata tsohuwa asibiti, sauran ya ce su ci gaba da ƙwayoyinsu. Yaya ma bai daina ba, wai suna sa shi barci. Masu tambayata ko maganin yana aiki, ban sani ba. Ni kwalba guda na cinye, zaƙi na ji. Abin da na sani, mai shi ya taka rana tsaka da tsufansa don ya duba ƙafar mai ɗaukar ruwa, kuma da ya ga ta fi ƙarfinsa ya faɗa.

Na tafi Makka na yi aikin hajji, Allah ya karɓa. Zafi da cunkoso, wannan kowane alhaji zai ba ku labari. Na koma Madina na yi sallama. Na tarar Ammu Bukar ya samo wa Yaya zama a bakin shagon wani mai dabino, yana auna wa mutane a zaune. Garewanin kuwa Yaya ya ba wani. Matar Malam Habu ta yi mana miyar kuka da ragowar daddawar nan, Yaya ya ci har yana gumi.

Na ce ko zai bi ni gida. Ya ce in gaida Maigatari.

Ranar tafiya Ammu Bukar ya kawo mota zai kai ni tasha. Yaya ya ce a'a, kayan su tafi a mota, shi zai raka ni a ƙasa. Tashar ba kusa ba ce. Ya ɗauki tsohuwar sandarsa ta ɗaukar ruwa ya dogara, muka tafi a hankali, yana hutawa a inuwar shaguna. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya buge hannun.

Da na shiga motar Jidda ya matso jikin taga, yana haki.

Ya ce, "In sun tambaye ka, me za ka ce?"

Na ce, "In ce na same ka."

Ya ce, "Ka ce ka bar ni a tsaye."

A tsaye na bar shi.